Mutum Sha Biyun Da Na Gani Da Idona

Ko zan mance komai na zamana a Alƙahira, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na saka babbar rigata mai aska biyu na tafi kotu neman ilimi da ƙafata. Shekara kusan arba'in ke nan, amma har yau idan muka haɗu da tsofaffin abokan karatu a wurin biki ko ta'aziyya, kafin a gama gaisuwa sai wani ya tambaye ni lafiyar mutanena sha biyu. Tunda su ba za su daina ba, gara in ba da labarin da bakina.

A farkon shekarun tamanin ne, ina aji uku a tsangayar shari'a da doka. Mu huɗu muke zaune a wani gida hawa na biyar a unguwar Madinat Nasr, amma wanda ya shiga labarin nan shi ne Garba, abokin ɗakina kuma ɗan ajinmu. Shi Bakano ne, ni Bazazzagi, kun ga ke nan ba a rasa abin faɗa a ɗakin. Ni ɗan alƙali ne, jikan alƙali, saboda haka tun ranar da na sauka aka laƙaba mini Alƙali, ni kuma na karɓi sunan hannu biyu kamar gwamna ne ya naɗa ni. Allah ya ba ni hadda, wannan ba yabon kai ba ne. Idan na karanta shafi sau uku, ya zauna. (Abin da bai ba ni ba a lokacin, za ku gani da kanku.)

Darasi ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, wato kwatanta dokokin ƙasashe. Na faɗi shi a shekarar da ta gabata, kuma ƙa'idar masu ɗaukar nauyinmu a fili take: wanda ya faɗi darasi ɗaya sau biyu, an sallame shi, ya tattara littattafansa ya nufi gida. Ga wasiƙun Baba suna zuwa kowane wata, kowace tana ƙarewa da cewa mutanen unguwa suna tambayar yaushe ƙaramin alƙali zai dawo. Idan na tuna yadda zan shiga zauren gidanmu da akwati ba takardar shaida, sai in tashi in sake buɗe littafi. Tsoro nake ji na gaske, sai dai girman kai bai bar ni na faɗa wa kowa ba.

Malamin darasin, Duktur Fathi, ɗan siririn mutum ne mai sanƙo da tabarau, ba ya ɗaga murya, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro. A bara na rubuta masa muzakkirarsa, wato ɗan littafin darasin da ya wallafa mana, kalma da kalma, har da wani kuskuren ɗab'i da ke shafi na tara. Ya kira ni ya ce in shi rikoda yake so, akwai ta a kasuwa, ba sai an kawo masa daga Najeriya ba. A bana ya sanar tun da wuri cewa babbar tambayar jarrabawa rubutun insha'i ce a kan tsarin da Larabawa ke kira muhallafun, wato rantsattsu, Turawa kuma suna ce masa juri. Ya ƙara da cewa fahimta yake nema, kuma duk wanda ya kawo masa hadda tsagwaronta, ya san makomarsa. Lokacin da ya faɗi haka ni yake kallo.

Na haddace babin a kwana biyu. Ana zaɓo mutum sha biyu daga talakawan gari, mahauci da tela da direba, a rantsar da su. Ana zaunar da su a keɓaɓɓen wuri a gefen kotu, ba sa cuɗanya da jama'a, akwai jami'in da ke tsaronsu. Idan shari'ar babba ce, hukuma na iya ajiye su wuri ɗaya su kwana su tashi har a gama. A ƙarshe su fita ta ƙofarsu su yi shawara, su dawo da baki ɗaya su ce mai laifi ne ko ba shi da laifi. Duk wannan ya zauna a kaina daram, amma hankalina ya ƙi ɗauka. Na tashi ina ganin Baba yana kwana uku a kan mas'ala ɗaya ta gado, sannan a ce mini wai tela ne zai yanke wa mutum ɗauri? Na kasa hango abin a zuciyata, kuma na san abin da ban hango ba, ba zan iya rubuta shi da kalmomina ba.

A nan sai in yi muku bayanin wata ɗabi'a tamu. Mu da muka taso a karatun zaure, matani muke haddacewa, wato ainihin rubutun da ke tsakiyar shafi. Ƙananan rubuce-rubucen gefe da na ƙasan layi, waɗannan na malam ne, shi zai buɗe su idan ya ga dama. Da wannan tarbiyya na zo jami'a. Duk abin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafin muzakkira, idona tsallake shi yake yi kamar kwata. Ku riƙe wannan.

Saura mako guda jarrabawa, dabara ta faɗo mini. Tunda gani ya kori ji, me zai hana in je kotu in ga rantsattsun nan da idona? Na gaya wa Garba yana cikin dama ful, dafaffen waken nan na Misirawa. Ya ce shi bai taɓa jin ana maganarsu a garin nan ba, in fara tambayar wani ɗan ƙasa mana, matambayi ai ba ya ɓata. Na ce masa Bakano in ba a kasuwa ba, me ya taɓa ji? Ya ce to, Allah ya kiyaye hanya, Alƙali.

Washegari na ci ado, na kafa hula, na rataya a ƙofar bas har tsakiyar gari, na tambayi kotun manyan laifuka aka nuna mini. Abin kunya ne in faɗa, amma shekara uku ina karatun doka ban taɓa taka kotu a ƙasar ba. Kotun da na sani ita ce ta Baba: buzu, muhuti, da masu ƙara durƙushe a gaba. Na bi ayarin mutane na shiga wani zaure mai cunkoso, alƙalai ba su fito ba tukuna, ko'ina hayaƙin taba da hayaniya. Ina waigawa dama sai murna ta kama ni.

Ga keɓaɓɓen wuri a gefen kotu, kamar yadda littafi ya faɗa. An kewaye shi da sandunan ƙarfe tun daga ƙasa har sama, ga ɗan sanda a bakin ƙofa yana kora mutane. A ciki maza ne zaune a kan benci, duk cikin fararen kaya iri ɗaya. Na ƙirga su da yatsa. Sha biyu cif. Na sake ƙirgawa don kada shaiɗan ya yi mini wasa, sha biyu dai. (Da Allah ya so ni da sauƙi, da sha ɗaya ne ko sha uku.) Na ce a raina, lallai Misirawa sun fi Turawa tsare amana. Su Turawa ɗan katako suke sawa, nan kuwa ƙarfe aka sa don kada mai ba da cin hanci ya samu ko wurin miƙa hannu. Fararen kayan kuma na fassara su da alamar tsarkin zuciya, na rubuta hakan a littafina nan take.

Na lallaɓa na matsa kusa. Ɗan sandan ya dubi babbar rigata da littafin da ke hannuna, wataƙila ya zaci wani ne daga ofishin jakadanci, ya kau da kai. Na yi musu sallama da Larabcin littafi, irin wanda idan ka yi shi a kasuwa mai tumatir ke amsa maka da sadaƙallahul azim. Na kira su ma'abota girma, na ce ni ɗalibin doka ne, na zo in ƙaru da su. Wani ƙaton mutum mai gashin baki kamar tsintsiya ya taso ya kama ƙarfen da hannu biyu. Ya ce sunansa Sayyid, ana ce masa Ammu Sayyid, wato Baffa Sayyid, kuma duk abin da ustaz ke so a shirye suke.

Na tambayi sana'o'insu. Shi mahauci ne, na kusa da shi mai gasa burodi, akwai tela, akwai direbobi biyu, akwai mai gyaran risho. Na rubuta su duka a littafina. Na tambayi yadda aka tara su, ya ce hukuma ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya, shi a rumfarsa aka same shi yana tsakiyar fiɗa, ko hannu ba a bari ya wanke ba. Na rubuta cewa ba a karɓar uzuri a wannan aiki. Na tambayi inda suke kwana, ya ce wuri ɗaya aka ajiye su, yau kwana arba'in, ba mai zuwa gida sai an gama. Na tambayi abinci, ya tofar da yawu. Na rubuta cewa akwai buƙatar hukuma ta inganta kula da su.

Sai na sassauta murya na yi tambayar da na san bai kamata in yi ba. Na ce, a ganinsu, akwai laifi ko babu?

"Babu laifi, ya ustaz, wallahil azim babu," in ji Ammu Sayyid. Ya juya ya tambayi sauran, "Ko akwai, ya jama'a?"

Duka sha ɗayan suka amsa da cewa babu, wani har da ɗaga hannu sama yana rantsuwa da kabarin mahaifinsa. Bakinsu ya zo ɗaya, kamar yadda shafi na arba'in da biyu ya tanada. Na ji ƙwalla ta taru mini don ganin ilimi yana tafiya da ƙafafunsa.

Ya roƙe ni taba. Na ce ba na sha, kuma ko ina sha, doka ta hana a ba su komai, kada a ce an karkatar da su. Ya dube ni wani iri, ya ce ma'alish, wato ba komai. Wanda ake tuhuma kuwa ban sha wahalar gano shi ba. Wani mutum ne zaune shi kaɗai a bencin gaba, an naɗe masa kai da bandeji, hannu a rataye, duk sha biyun suna harararsa. Na ce a raina wannan ya sha hannun jama'a lokacin kamu. Abin da ya burge ni shi ne duk da hararar nan, sun yarda ba shi da laifi. Na rubuta shafi guda a kan yadda adalci ke rinjayar ƙiyayya.

Can sai aka daka tsawa, kowa ya miƙe, alƙalai uku suka shigo. Lauyoyi suka yi caa a gabansu, ban ji ko kalma ɗaya ba saboda na koma can baya. Ba a yi minti biyar ba aka ɗage zama zuwa wani watan. Aka buɗe wata ƙaramar ƙofa ta bayan wurin ƙarfen, mutanena suka fita a jere, ɗan sanda gaba, ɗan sanda baya. Sun tafi shawara ke nan. Mata suka ɓarke da kuka suna kiran sunayensu, na ɗauka dangin mai bandeji ne ke neman a tausaya. Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya gano sabuwar ƙasa. Garba ya tambaye ni abin da na gani, na ce ya jira ya ji a bakin Duktur, ba zan raba ganimata da Bakano ba.

Ranar jarrabawa na cika shafi goma sha ɗaya. Na jera sharuɗɗan tsarin da kalmomina, kowane sharaɗi na kawo masa misali daga abin da na gani, har da sunan Ammu Sayyid da sana'arsa. Na rufe da shawara cewa ya kamata Turawa su zo Alƙahira su koyi amfani da ƙarfe.

Bayan mako guda aka yi ta baki, wadda ake shiga biyar-biyar a zauna a gaban malamai. Ni da Garba layi ɗaya muka faɗa. Ƙofa a buɗe saboda zafi, baranda cike da masu jiran layi. Duktur Fathi na zaune, kusa da shi wani dattijon shaihi mai jan dara da farin rawani yana jan carbi, rabinsa a barci. Na hango takardata a gaban Duktur, an ware ta gefe ita kaɗai. Na gyara zama, na ce yau za a san ɗan wane ne ni.

Ya tambaya ko ni ne ɗan Najeriyar da ya je kotu. Na ce ni ne. Ya ce a shekarun da ya yi yana koyarwa, bai taɓa karanta amsa irin wannan ba. Na sunkuyar da kai irin na tawali'u, ina satar kallon Garba. Ya nemi in sake siffanta wurin da suke zaune, don abokaina su amfana. Na miƙe tsaye, ba wanda ya ce in miƙe, na siffanta ƙarfe da benci da fararen kaya, na ɗaga murya don na baranda su ji. Na lura wani ɗan Misira da ke gefena ya cusa fuska a cikin hannun rigarsa, kafaɗunsa suna rawa, na zaci hassada ce. Shaihin ya buɗe ido ɗaya.

Duktur ya cire tabarau ya goge a hankali. Ya ce, "Tambaya ɗaya ta rage, ya ibni, ɗana. Ƙofar wurin nan akwai kwaɗo a jikinta?"

Na ce akwai, babba ma kuwa.

"Ta ciki yake, ko ta waje?"

Na buɗe baki in amsa, sai hoton ya dawo mini tar. Kwaɗo ta waje. Makulli a ɗamarar ɗan sanda. Kwana arba'in ba zuwa gida. Matan da ke kuka suna kiran Sayyid, ba mai bandeji ba. Komai ya juye a kaina lokaci ɗaya, na tsaya baki buɗe, babbar riga tana yi mini nauyi kamar an jiƙa ta. Shaihin nan da na zaci barci yake, shi ya fara. Ya yi dariya har carbi ya faɗi, rawani ya karkace, yana buga tebur yana neman tsari. Baranda ta ɗauka. Garba kuwa ya zame daga benci ya durƙusa, yana cewa da Hausa, "Alƙali, ɗaurarru ka yi wa fatawa."

Duktur bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya miƙo mini muzakkira, ya ce in buɗe shafin farko na babin in karanta abin da ke ƙasan layi. Na karanta da murya kamar ta sauro. Layi ɗaya ne da ƙananan baƙaƙe, yana cewa wannan tsari na wasu ƙasashen Turawa ne, ba a aiki da shi a kotunan Masar. Shafin da na haddace har da waƙafi. Na karanta samansa ya fi sau talatin.

A lokacin ban ma damu da dariyar ba, zauren gidanmu nake gani, da akwatina a ƙofa. Na ce a raina shi ke nan, khalas, sai gida. Duktur ya bari aka lafa, sannan ya ce misalaina duka shirme ne, amma sharuɗɗan da na ɗora su a kai babu kuskure ko ɗaya, kuma a karo na farko da bakina na yi magana, ba da nasa ba. Ya ce zai ba ni maƙbul, wato mafi ƙarancin cin jarrabawa, da sharaɗin in koma kotun ranar da aka ɗage, in zauna a gaba, in yi shiru, in kawo masa shafi ɗaya na abin da ya faru. Shaihin ya share hawaye ya ce a ƙara masa da cewa in tafi da taba.

Na koma, da ƙaramar riga wannan karon. Ashe rigimar unguwa ce a kan wurin kafa rumfar biki, su sha biyun suka taru a kan mutum ɗaya, mai bandejin nan da na ɗaura wa laifi a zuciyata. Ammu Sayyid na hango ni ya washe baki ya ce wa sauran ga lauyansu na Afirka ya dawo. Alƙalai ba su nemi ra'ayinsu ba, duk da cewa bakinsu ɗaya ne. Aka yanke wa kowannensu wata shida. Da za a fita da su ya ɗago mini hannu, na ga ankwa a jiki, wadda na tabbata a wancan karon ma tana nan a bayan ƙofa.

Da na dawo gida da takardar shaidata, na daure na ba Baba labarin da kaina kafin Garba ya aiko da shi a wasiƙa. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya ce shi ya shekara talatin yana shari'a, bai taɓa tambayar wanda ake tuhuma ra'ayinsa ya ce a ɗaure shi ba, da na tambaye shi da ya hutar da ni kuɗin bas.

Daga baya ni ma na zauna a kujerar shari'a har na yi ritaya, kuma ma'aikatana sun san ni da ɗabi'u biyu da ba su san asalinsu ba. Kowace takarda aka kawo mini, daga ƙasa nake fara karanta ta. Kuma duk wanda ya tsaya a gabana yana rantsuwa cewa shi da idonsa ya gani, ba na musa masa, don ni ma na taɓa gani da idona. Sai dai in gyara tabarau in tambaye shi ta wane gefe kwaɗon yake.